Ilmin Da Ke Cikin Buhun Wake: Yadda Binciken Kimiyya Ke Kare Jarin 'Yan Kasuwa

Babu ranar Allah da manyan motoci ba sa lodin wake a kasuwar hatsi ta Dawanau da ke Kano, wasu su nufi Bodija a Ibadan, wasu Mile 12 a Legas, wasu kuma Anacha da Fatakwal. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, domin takan girbe fiye da tan miliyan 3 a shekara, Jamhuriyar Nijar kuma tana bi mata. Duk da haka abin da muke nomawa ba ya isar mu, sai an shigo da ƙari daga maƙwabta. Ƙosai da alala da ɗanwake da shinkafa da wake abinci ne na kowane gida, harawa kuma ita ce madogarar masu kiwo da rani.

Sai dai kafin buhu ɗaya ya isa hannun mai saye, akwai maƙiya guda huɗu da ke jiran sa a hanya: fari, da wuta-wuta, da tsutsar da ke cin fure da kwanso, da kuma ƙwaron da ke huda shi a rumbu. Kowane ɗaya daga cikinsu yana iya cinye jarin manomi da na falke baki ɗaya. Shekaru da yawa ke nan masana fannoni daban-daban suna yaƙi da waɗannan maƙiya, kuma sakamakon aikinsu ya riga ya shigo kasuwa. Ya kamata 'yan kasuwa su san shi, domin akwai riba a cikinsa ga wanda ya gane.

Yadda wake ke jure ƙishirwa

Waɗanda suka ga farin shekarun 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 ba sa buƙatar a gaya musu abin da ƙarancin ruwa ke yi wa kasuwar hatsi. Wake yana daga cikin tsirran da Allah ya hore wa dabarun jure ƙishirwa. A jikin ganyensa akwai wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, waɗanda ta nan yake shaƙar iska, ta nan kuma ruwa ke fita. Da zarar ƙasa ta fara bushewa sai ya rufe su. Haka kuma idan rana ta take yakan karkatar da ganyensa don kada zafinta ya dake shi kai tsaye.

Amma ba duk iri ne suka zama ɗaya ba, kuma gano gwani daga cikin dubbai shi ne aikin. Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasashe Masu Zafi, wato IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967, tana ajiye da samfurin wake fiye da 15,000 da aka tattaro daga sassan duniya. A shekarun 1990 Dakta B. B. Singh da abokan aikinsa na tashar cibiyar da ke Kano suka fito da wata hanya mai arha ta tantance su. Akan cika akwatin katako da ƙasa da yashi, a shuka iri daban-daban layi-layi, a yi ta ban ruwa har su tsiro, sa'an nan a ɗauke ruwan gaba ɗaya. Kullum sai a ƙidaya waɗanda suka yanƙwane. Bayan wani lokaci a sake ba su ruwa, a ga waɗanda suka farfaɗo.

Sakamakon da suka buga a 1999 ya nuna cewa juriyar iri biyu ce. Wani waken yakan tsayar da girma cak, ya adana ruwan da ke jikinsa har sai an sami sauƙi. Wani kuma yakan janye ruwa daga tsofaffin ganyayensa na ƙasa ya kai wa tohon sama, ya ci gaba da girma a hankali. Abin sha'awa shi ne irin gargajiya na ƙasar Hausa, kamar Ɗan Ila da Kanannado, suna cikin rukuni na biyu. Ashe kakanninmu da suka yi ta zaɓen iri shekara da shekaru sun bar wa masana gado mai daraja. Wata dabarar kuma ita ce guje wa farin tun kafin ya zo, ta hanyar samar da irin da ke nuna cikin kwana 60 zuwa 70, wanda ko damina ta ɗauke da wuri an riga an girbe.

Ƙwayoyin gado da lissafin kwamfuta

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, wadda asalinta ya faro tun 1922, ta kuma zama ɓangaren Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ce aka ɗora wa alhakin inganta wake a ƙasar nan. Shi ya sa sunayen irin da take fitarwa ke farawa da SAMPEA. A 2008 aka fitar da SAMPEA 10, wanda masana IITA suka samar da lamba IT97K-499-35. Wannan iri yana jure wuta-wuta, ciyawar nan da ke manne wa saiwar wake tana tsotse shi har ya ƙanƙance.

Wannan iri ɗin ne masana suka zaɓa lokacin da suka tashi karanta dukkan bayanan gadon wake. A cikin kowace ƙwayar halitta ta tsiro akwai wani dogon rubutu da ke ƙayyade tsawonsa, da launin 'ya'yansa, da juriyarsa. Na wake ya kai haruffa kimanin miliyan 640, a rarrabe cikin ƙunshi 11. Na'ura ba ta iya karanta shi a jere. Sai dai ta karanta guntu-guntu. Misalinsa kamar a yayyaga kwafe masu yawa na littafin ciniki ɗaya, kowanne a wuri daban, sa'an nan a ce wa akawu ya mayar da littafin yadda yake ta hanyar duba inda guntayen suka yi daidai da juna. Ɗan Adam ba zai iya wannan da hannu ba. Aiki ne na masana lissafi da kwamfuta, kuma wata tawaga ƙarƙashin Jami'ar Kaliforniya da ke Riverside a Amurka ta buga sakamakonsa a 2019, inda ta gano ƙwayoyin gado kusan 30,000.

Amfanin wannan ga kasuwa shi ne rage lokaci. Ta hanyar da aka saba, samar da sabon iri yakan ɗauki kimanin shekara goma, saboda sai an shuka an jira an ga halinsa a gona damina bayan damina. Yanzu kuwa ana iya gutsuro ganyen ɗan tsiro a gwada, a san ko ya gaji juriyar da ake nema, a zubar da waɗanda ba su gada ba tun suna ƙanana. Lissafi irin wannan ne kuma Hukumar Hasashen Yanayi ta Nijeriya, NiMet, da Cibiyar AGRHYMET ta Yamai ke amfani da shi wajen hasashen farkon damina da ƙarshenta a kowace shekara. Falken da ke bin wannan hasashe yana da haske a kan inda kaya za su yi yawa da inda za su yi ƙaranci.

Maganar tsutsa kuwa, wadda masana ke kira Maruka, ta gagari hanyar barbara ta gargajiya, domin ba a sami irin waken da ke da isasshiyar kariya daga gare ta ba, alhali idan ta yi tsanani takan lalata har kashi 80 cikin ɗari na amfanin gona. Saboda haka masana Samaru ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, tare da gidauniyar AATF da hukumar bincike ta CSIRO ta ƙasar Ostareliya, suka sanya wa wake ƙwayar gado daga wata bakteriya ta cikin ƙasa, wadda ke kashe tsutsar idan ta ci tsiron. Hukumomi sun amince da shi a 2019 da sunan SAMPEA 20-T, aka kuma ƙaddamar da sayar da irinsa a Kano a 2021. Manomin da a da yakan yi feshi sau shida zuwa takwas, da wannan iri sau biyu ya wadatar. Akwai ƙungiyoyin da ke adawa da irin da aka sauya wa ƙwayoyin gado, kuma ƙasashe da dama suna da dokoki na musamman a kansa, don haka wajibi ne mai niyyar fitar da kaya waje ya san dokar ƙasar da zai kai.

Buhun da ke kashe ƙwaro ba da guba ba

Ribar fataucin wake tana tsakanin kaka da bazara ne: a saya da arha, a ajiye, a sayar idan ya yi tsada. Ƙwaron wake kuwa yakan shigo tun daga gona, ya yi ta hayayyafa a cikin buhu, cikin 'yan watanni kaya su zama duk huji da gari. Wannan ne ya sa wasu ke zuba fiya-fiya da makamantanta a cikin abin da mutane za su ci. Masu iya magana sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, bayan an yi ta samun sinadarin dikulobos a cikinsa fiye da ƙa'idarta ta miligiram 0.01 a kowane kilo, ta kuma tsawaita haramcin a 2016. Laifin wasu ya rufe wa kowa kasuwa.

Maganin wannan ya fito ne daga binciken masana ilmin ƙwari. Tun ƙarshen shekarun 1980 masana Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Larry Murdock, suka yi aiki da takwarorinsu a Marwa da ke arewacin Kamaru a kan ajiyar wake cikin leda ruɓi uku. A 2007 aka fara yaɗa dabarar a Afirka ta Yamma da sunan buhun PICS, kuma kamfanin Lela Agro na Kano yana cikin waɗanda suka fara ƙera shi. Buhun yana da leda biyu a ciki, kowace da kaurin mikron 80, wato kwatankwacin silin gashi, da buhun saƙa a waje don ɗaukar wahalar lodi. Idan aka zuba busasshen wake aka ɗaure kowane ruɓi daban, ƙwarin da ke ciki su da kansu za su shanye iskar oksijin, su daina ci da haihuwa. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa ƙishirwa ce ke ƙarasa su, domin jikinsu yana buƙatar oksijin kafin ya samar da ruwa daga abin da suka ci.

Sirrin yana ga ingancin ledar. Idan ta yi siriri, ko ta huje, ko aka ɗaure ta sakaka, iska za ta shiga, aiki ya ɓaci. Sabili da haka a guji jabu, a gwada leda kafin a zuba kaya, a kuma ɗora buhunan a kan katako nesa da ɓeraye.

Inda kuɗin yake

Masana sun yi nasu, amma bincike ba ya zama dukiya sai ya bar ɗakin gwaji ya shiga hannun mai saye da sayarwa. Yawancin manoman wake har yanzu daga rumbu ko kasuwar ƙauye suke samun iri, wanda ke nuna cewa akwai babban fili ga kamfanonin iri masu rajista da Majalisar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa. Dokar Kare Haƙƙin Masu Samar da Sabon Iri ta 2021 ta ba wanda ya zuba jari a wannan fanni kariyar da babu ita a da. Haka nan akwai kasuwa a ƙera buhunan ajiya da dillancinsu, da gina ɗakunan ajiya marasa guba, da ɗakunan gwajin kaya kafin a fitar da su waje.

Tun a Shirin Legas na 1980 ƙasashen Afirka suka ɗauki alkawarin kashe kashi 1 cikin ɗari na arzikinsu a kan kimiyya da bincike, Nijeriya kuwa ba ta cika shi ba, kuma kaso mai yawa na ayyukan da aka ambata a nan da kuɗin masu ba da agaji na waje aka yi su. Idan waɗannan suka janye hannu, aikin zai tsaya. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar hatsi na Dawanau da Bodija da Mile 12 suna da ƙarfin da za su zauna da masana Samaru, su faɗa musu irin waken da masu saye ke so, fari ko ja, manya ko ƙanana, mai saurin dahuwa ko mai auki, su kuma ɗauki nauyin gwaji a gonakin manoman da suke saye a hannunsu. Wanda ya taimaka aka samar da irin, shi zai fara samun kayan idan kaka ta yi.