Dokar Taba Ta Hana Sha, Amma Wa Zai Taimaki Mai Son Bari?

Tun cikin shekarar 1990 ne Gwamnatin Mulkin Soja ta Janar Ibrahim Babangida ta kafa Doka mai lamba 20, wadda ta hana shan taba sigari a asibitoci da makarantu da ofisoshi da gidajen silima da motocin haya. A lokacin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ne Ministan Lafiya. Dokar ta tanadi tarar Naira 200 zuwa Naira 1,000 ko kuwa ɗauri, ta kuma tilasta wa kamfanoni su rubuta gargaɗi a jikin kowane kwali cewa mashaya taba na iya mutuwa da ƙuruciyarsu. Jama'a suka haddace gargaɗin nan sarai, amma hayaƙi bai daina tashi a tashoshin mota ba.

Taba ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa ana noma ta a fadamu, ana zuƙar ta a lofe, tsofaffi na cusa garinta da kanwa a baki, mata kuma na goge haƙora da furenta bayan sun ci goro. Sigarin kwali shi ne ya zo daga baya, har aka gina masa masana'anta a Ibadan da Fatakwal da Zariya. A shekarar 2001 Gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin British American Tobacco, wanda ya buɗe sabuwar masana'anta a Ibadan a 2003. Shekara biyu bayan haka, wato a 2005, Nijeriya ta amince da yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya. Ke nan hukuma ɗaya ce ta yi wa masu taba maraba, ta kuma yi alkawarin rage musu kasuwa.

Alkawarin bai zama doka ba sai cikin watan Mayu na 2015, sa'ad da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Kayyade Taba ta Ƙasa, ana saura 'yan kwanaki ya sauka. Ƙa'idojin aiki da ita kuwa sai a 2019 Majalisar Tarayya ta amince da su. A takarda dokar ba ta da kasawa. Ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana talla, ta hana sha a wuraren taruwar jama'a, ta ce wanda ya saɓa a ci shi tarar da ba ta gaza Naira 50,000 ba, ko ɗaurin wata shida. Daga 2021 aka fara buga hotunan cututtuka masu tayar da hankali a rabin jikin kwali. Haraji ma an ƙara: a 2018 an ɗora Naira 1 a kan kowane kara, ya koma Naira 2 a 2019, sannan Naira 2 da Kwabo 90 a 2020.

To amma akwai wani sashe na dokar da aka fi takawa, kuma shi ne ya fi shafar talaka. Doka ta ce ba a sayar da sigari sai a cikin kwalinsa mai kara 20. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai tebur ko mai shayi a Kano ko Kaduna ko Sakkwato ya san kara-kara ake sayarwa, har da ashana a ɗaure kusa don kunnawa. Wanda ya sayi kara ɗaya bai ga hoton da ke jikin kwali ba balle ya tsorata. Ƙarin haraji bai dame shi ba, domin canjin da ke aljihunsa ya isa. Yaro ɗan makaranta da ba zai iya sayen kwali ba yana iya sayen kara. Mutumin da ya yi niyyar bari kuwa, ko'ina ya juya yana cin karo da abin da yake gudu, a farashin da bai kai na ƙosai ba.

A kan wannan mutum na ƙarshe ne ya kamata a tsaya. Binciken da aka yi a faɗin ƙasar nan a shekarar 2012 ya nuna kashi 5.6 cikin ɗari na manya suna amfani da taba, wato sama da mutum miliyan huɗu, galibinsu maza. Abin lura a cikin binciken shi ne kusan rabin masu zuƙa sun yi ƙoƙarin bari a cikin shekarar da ta gabaci binciken. Ashe ba wa'azi ne ya yi musu ƙaranci ba. Sun ji, sun yarda, sun gwada, abin ya faskara.

Dalilin faskarar sananne ne a wurin likitoci. A cikin ganyen taba akwai wani sinadari da ake kira nikotin, wanda ke isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi bayan an zuƙa. Idan jiki ya saba da shi aka yanke masa, sai mutum ya shiga ƙunci: saurin fushi, rashin barci, kasa tattara hankali, da yawan jin yunwa. Wahalar ta fi tsanani a kwanakin farko, tana kuma raguwa bayan mako biyu zuwa huɗu. A cikin waɗannan makonni ne akasari ake komawa ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin masu ƙoƙarin bari ba tare da taimako ba, kimanin huɗu ne kacal cikin ɗari ke dacewa. Saboda haka kiran mashayi marar zuciya bai taɓa raba kowa da sigari ba.

Alhali kuwa akwai taimakon da aka tabbatar yana aiki, kuma wani ba ya cin ko kwabo. Idan likita ko ma'aikaciyar jinya suka tambayi duk marar lafiyar da ya zo gabansu ko yana shan taba, suka ba shi shawara ta minti uku ko biyar, adadin masu bari yana ƙaruwa. Akwai cingam da filastar nikotin da ke rage zafin yankewa, waɗanda Hukumar ta sanya cikin jerin magungunan da ba a son kowace ƙasa ta rasa tun 2009. A 2021 ta ƙara ƙwayoyi biyu, varenicline da bupropion, a 2024 kuma ta fitar da cikakken jagora ga likitoci. Idan aka haɗa magani da shawara, damar dacewa na iya ninkawa. Sashe na 14 na yarjejeniyar da Nijeriya ta amince da ita ya ɗora wa gwamnati nauyin samar da irin wannan taimako. Sai dai a ƙananan asibitocin karkara, inda talaka ke zuwa, da wuya a tarar da ma'aikacin da aka horar kan haka, magungunan kuma sai a manyan kantunan birni, da tsadar da ta fi ƙarfin leburan da ke sayen kara-kara.

Wurin da ya fi dacewa a fara shi ne asibitocin tarin fuka. Shan taba yana ƙara haɗarin kamuwa da wannan cuta da kuma dawowarta bayan an warke, ga shi mai tarin fuka yana zuwa karɓar magani har wata shida, ma'aikaci na ganinsa a kai a kai. Haka nan watan Azumi. Mashayin da ya iya haƙura daga fitowar alfijir zuwa faɗuwar rana har kwana talatin ya riga ya yi rabin tafiya, abin da ya rage masa shi ne wanda zai tsaya masa bayan an sha ruwa.

Ribar bari ba ta jinkiri. Cikin sa'a 12 gubar hayaƙi da ke cikin jini tana komawa daidai. Bayan shekara guda haɗarin ciwon zuciya yana raguwa da kusan rabi, bayan shekara goma haka na sankarar huhu. Wani dogon bincike da Sir Richard Doll ya jagoranta a kan likitocin Birtaniya, wanda aka bayyana sakamakonsa na shekara hamsin a 2004, ya nuna wanda ya bari yana ɗan shekara 30 kan tsira da kusan shekara goma da taba za ta ci masa, wanda ya bari yana da 60 ma kan sami kusan uku. Matarsa da 'ya'yansa da ke shaƙar hayaƙinsa a ɗaki su ma sun huta.

Saura maganar kuɗi. Dokar 2015 ta kafa asusu na musamman don yaƙi da taba, amma sai a kasafin 2023 aka fara zuba masa wani abu, Naira miliyan 4.7, aka ƙara zuwa miliyan 10 a 2024. A watan Disamba na 2023 Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya ta ba da sanarwar cin kamfanin British American Tobacco tarar Dalar Amurka miliyan 110 saboda saɓa dokokin ciniki da na lafiyar jama'a. Ko kashi ɗaya cikin ɗari na wannan tara ya ninka abin da aka sa a asusun fiye da sau hamsin.