Samira Mai Faifai da Akwatin Wuta Mai Kwali

Duk matar da ta taɓa ɓatar da murfin samirarta ta san wahalar neman wani. Kwanon yana nan lafiya lau, ko fenti bai ɓantare ba, amma samfurin na zamanin auren innarta ne, masu yinsa sun daina. Ta zaga kasuwar Yauri, wannan ya yi faɗi, wancan ya zurma ciki. A ƙarshe sai ta ɗora faifai, ta ce kafin a samu. Shekara ta zagayo faifan na nan.

Haka akwatunan wuta suke a tsofaffin gidaje da makarantu da ɗakunan shan magani daga Shanga har Ngaski. An gama madatsar Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972, kuma kayan wutar da suka cika ƙasar nan a wancan zamani yawanci na Ingila ne, irin su MEM da Wylex, masu fis ɗin da ake ɗaura wa siririyar waya. Kaya ne masu ƙarko, shi ya sa har yau suna manne a bango. Amma duniya ta wuce su. Shi kansa MEM na Birmingham tun 2003 ya koma hannun Eaton na Amurka, masu ƙera kaya kuma sun karkata ga akwati mai bireka. To, ranar da mai gyara ya cire murfi ya jingine shi, yara suka ja shi zuwa wasa, ko tsatsa ta cinye majingininsa, sai maigida ya shiga sahun mai samira.

Faifai a kan tuwo ba ya cutar da kowa, iyakarsa tuwon ya huce ko ƙuda ya samu hanya. Kwalin taliya ko tsumman buhu a kan akwatin wuta kuwa makamashi ne aka ajiye a bakin tartsatsi. A cikin akwatin nan akwai ƙarafan jan ƙarfe tsirara masu ɗauke da wuta bolt 230. Murfin shi ke tsare ɗan yatsan yaro, shi ke tsare ƙurar hunturu, shi kuma ke riƙe tartsatsi a ciki in waya ta saki. A bakin ruwa irin namu abin ya fi haka. Danshin tafkin Kainji yana haɗuwa da ƙura ya zama hanyar da wuta za ta bi. Tsaka na son ɗumin wurin, in ta gitta tsakanin ƙarfe biyu sai ƙara da hayaƙi. Zanzaro ma yakan gina ɗakinsa na laka daidai kan mahaɗar wayoyi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sabo. Saboda wuta ba ta cika zama ba, mutane sun daina tsoron akwatin. Sai ka ji an ce, "Ai an ɗauke, taɓa kawai." Wuta ba ta sallama in za ta dawo. Ga kuma janareta da sola da ake haɗawa da wayoyin gida, waɗanda ke iya raya akwatin ko da unguwa duka duhu ne.

Mata sun san inda ake samun murfin tsohuwar samira: wurin dillaliya, mai bin gidaje tana sayen tsofaffin kaya. Dillaliyar akwatin wuta shi ne tsohon mai gyaran wuta, wanda ba ya zubar da abin da ya ciro daga gidajen da ya sabunta, sai kuma 'yan gwangwan. In ba a dace a Yauri ba, akan aika wa masu kayan wuta a Kontagora, ko Sabon Gari a Kano, ko Alaba a Legas. Amma kada ka ce wa ɗan aike "murfin akwati matsakaici" kawai. Ka ɗauki hoto da waya, ka rubuta sunan kamfani da lambar da ke jiki, yawan fis, tsawo da faɗi, da tazarar ramukan noti. Murfin da ya kusa dacewa bai dace ba.

In an rasa, mai walda zai iya lanƙwasa farantin ƙarfe, amma da sharaɗi. Mai gyaran wuta ne zai ba shi awo, ba maigida ba. Dole a haɗa murfin da wayar ƙasa, in ba haka ba ranar da waya ta taɓa shi, shi kansa zai riƙa jan mutane. Notin kada ya yi tsini ko tsawon da zai huda waya. A kuma sani cewa kashe babban makunni ba ya kashe wayar da ta shigo daga falwaya. Bakinta na nan da rai sai an zare fis ɗin da ke gabansa.

A nan ne samira da akwati suke rabuwa. Tsohuwar samira gado ce, darajarta ƙaruwa take. Akwatin da ya shekara 40 kuwa, sau da yawa in ka leƙa za ka tarar an maye siririyar wayar fis da mai kauri wadda ba za ta taɓa tsinkewa ba, ma'ana ya daina aikin da aka sa shi domin yi. An kafa shi don 'yan ƙwayayen fitila da fanka, yau yana ɗauke da firizar kifi da injin jan ruwa. Ba shi kuma da na'urar nan da ke yanke wuta nan take in ta fara bi ta jikin mutum, wadda ake saita ta a miliamfiya 30.

Don haka in mai gyara ya duba ya ce, "Alhaji, wannan ba murfi yake so ba, sauyi yake so," ni ina bayansa. A haɗa kuɗin mota zuwa Kontagora da ladan mai walda, a ƙara abin da ya sawwaƙa bayan an sayar da albasa, a sayi sabon akwati mai bireka. Kafin ranar, a zare fis ɗin shigowa, ko a kulle ɗakin da akwatin yake.