Kuɗin kwafi ba shi ne ke hana mutumin Daura tambaya ba

Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Afrilun 2025, cewa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta hau kan jihohi kamar yadda ta hau kan tarayya, ya faranta wa 'yan jarida rai. Abin da ya dame ni shi ne jin ana kawo batun yafe kuɗin nema irin na Amurka, inda mai neman takardun CIA ko FBI kan roƙi a ɗauke masa kuɗin idan ya nuna jama'a za su amfana. A ganina an bar jaki ana dukan taiki.

Sashe na 8 na dokar ya riga ya taƙaita abin da hukuma za ta karɓa: kuɗin yin kwafi, da na mayar da bayani rubuce idan ta kama. Wannan ba ya kayar da kowa. Shirun hukuma ne ke da tsada. Doka ta ba ta kwana 7 ta amsa. Idan ta yi kunnen uwar shegu, mai nema ba shi da wajen kai kuka sai kotu, cikin kwana 30, domin ba a kafa wani kwamishina mai zaman kansa da zai tilasta mata ba. Malamin firamare daga Baure ko Zango da ya rubuta wa hukumar tsaro ta farin kaya, DSS, zai biya kuɗin mota zuwa Katsina, ya ɗauki lauya, ya zauna a benci tun safe, sannan a ɗage shari'a. Tarar naira 500,000 da aka tanada wa mai hana bayani ba bisa ƙa'ida ba, ita ma sai kotu ta kama shi da laifi.

Shirun nan gado ne. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan daram, kuma tun da Babangida ya raba hukumar leƙen asiri ta NSO gida uku a 1986, aka samu SSS (wato DSS) da NIA da DIA, jami'insu ya tashi da sanin cewa buɗe baki ke jawo kora. Sashe na 11 da na 12 na dokar 2011 sun ba da damar ɓoye abin da ya shafi tsaron ƙasa da bincike, amma sun ce a saki idan amfanin jama'a ya rinjayi cutarwar, sashe na 18 kuma ya ce a cire ɓangaren sirri a miƙa sauran. Kalmar "tsaro" kaɗai kan rufe wannan duka.

Daura kuwa ta fi ko'ina haƙƙin tambaya. Ɗanta, Lawal Daura, ya shugabanci DSS daga 2015 har zuwa 7 ga Agustan 2018, ranar da jami'ansa suka tare ƙofar Majalisar Tarayya, muƙaddashin shugaban ƙasa Osinbajo ya sallame shi. A watan Mayun 2019 aka ɗauke Magajin Garin Daura daga ƙofar gidansa, sai bayan wata biyu aka kuɓutar da shi a Kano. A Disambar 2020, Shugaba Buhari yana gida Daura, aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara sama da 300. Wane rahoto hukumomin leƙen asiri suka samu kafin nan, wa suka ba, me aka yi da shi? Tun da babu takarda a hannun jama'a, jita-jita ke amsawa a teburin mai shayi, kuma wanda ya saba jin gwamnati na ɓoye masa ba ya gaggawar kai mata rahoton baƙon fuska.

Masu kare hukumomin suna cewa fallasa sunan mai ba da rahoto na iya jawo a kashe shi. Haka ne, babu mai neman sunan. Kwangilar gini da kuɗin sayen motoci fa? Dala miliyan 43 da EFCC ta samu a wani gida a Ikoyi a 2017, NIA ta ce nata ne, kuma ba takardar neman bayani ce ta fito da su ba.

Idan majalisa za ta taɓa dokar, ta fara da kafa ofishin karɓar ƙorafi kyauta, mai ikon tilasta wa hukuma ta amsa, da reshe a Katsina, yana karɓar takarda da Hausa.