Mayar da Tsofaffin Ma'aunan Masu Harhaɗa Magunguna Zuwa Ma'aunin Giram

1.0 Gabatarwa

Kafin ma'aunin giram ya game duniya, likitoci da masu harhaɗa magunguna a Turai da Amurka suna da tsarin awo nasu na musamman. Ko da yake an daina aiki da shi a hukumance, har yanzu ana cin karo da shi a tsofaffin littattafan likitanci da takardun magani na zamanin mulkin mallaka. Malami ko mai fassara da ya ci karo da irin waɗannan rubuce-rubuce yana bukatar sanin yadda ake mayar da su zuwa giram, domin a sha'anin magani ƙaramin kuskure yana iya jawo asarar rai.

2.0 Matakan Tsohon Tsari

Tushen tsarin shi ne giren, wanda asalinsa nauyin ƙwayar sha'ir ɗaya ne. Yarjejeniyar da Ingila da Amurka da wasu ƙasashe masu magana da Ingilishi suka ƙulla a shekarar 1959 ta tsayar da nauyinsa a kan miligiram 64.79891, wanda ake taƙaitawa zuwa 64.8. Sauran matakan duk a kansa aka gina su:

Sukuruful 1 = giren 20 = giram 1.296
Diram 1 = sukuruful 3 = giren 60 = giram 3.888
Oza 1 = diram 8 = giren 480 = giram 31.103
Laba 1 = oza 12 = giren 5,760 = giram 373.24

Kalmar diram ta samo asali daga sunan tsabar kuɗin Girkawa, dirakma. Daga nan ne kuma Larabci ya sami dirhami, wanda Hausa ta ara. A rubuce, alamar giren ita ce gr, ta sukuruful ℈, ta diram ʒ, ta oza kuwa ℥. Ana rubuta adadi da lambobin Romawa bayan alamar, sannan ss tana nufin rabi. Saboda haka gr v na nufin giren biyar, ʒ iiss kuma diram biyu da rabi.

3.0 Hanyar Lissafi

Hanya mafi aminci tana da matakai uku. Da farko a mayar da kowane adadi zuwa giren. Sai a ninka jimillar da 64.8 domin a sami miligiram. Daga ƙarshe a raba da 1,000 idan giram ake so.

Misali, idan takarda ta ce ʒ iiss, diram biyu da rabi sun zama giren 150. Idan aka ninka 150 da 64.8 za a sami miligiram 9,720, wato giram 9.72. Haka kuma haɗin da ya ƙunshi oza ɗaya da diram uku da sukuruful ɗaya zai zama 480 da 180 da 20, jimilla giren 680. Wannan ya yi daidai da miligiram 44,064, wato kimanin giram 44.06. Idan kuwa daga giram za a koma tsohon tsari, sai a raba miligiram da 64.8. Ƙwayar magani mai miligiram 500 ta kama kimanin giren 7.7.

4.0 Wuraren da Ake Yin Kuskure

Kuskure na farko shi ne ɗaukar cewa suna ɗaya nauyi ɗaya ne. Ozar da 'yan kasuwa ke auna kaya da ita giren 437.5 ce, wato giram 28.35, don haka ta fi ta magani sauƙi. Amma labar kasuwa oza 16 ce, giren 7,000, wato giram 453.59, don haka ta fi ta magani nauyi. Diram ɗin kasuwa ma giram 1.77 ne kawai, bai kai rabin na magani ba. Giren kaɗai ne nauyinsa bai sauya ba a tsarin biyu, abin da ya sa ake fara komawa gare shi.

Na biyu shi ne rikita alamomi. A rubutun hannu na gaggawa ʒ da ℥ suna kama da juna, alhali ɗaya ta ninka ɗaya sau takwas. Haka nan idan aka karanta gr a matsayin g, an ba majiyyaci fiye da ninki goma sha biyar na abin da aka nufa, domin giram ɗaya giren 15.43 ne.

Na uku shi ne taƙaita lamba. Likitoci sun saba ɗaukar giren a matsayin miligiram 60 ko 65 don sauƙin lissafi. Wannan ne dalilin da ya sa ƙwayar asfirin mai giren biyar ta zama miligiram 325 a Amurka, amma miligiram 300 a Ingila. A irin wannan magani bambancin ba ya cutarwa, amma ba a yarda a yi irin wannan kintace ga magunguna masu ƙarfi ba.

5.0 Kammalawa

Irin waɗannan ruɗani na daga cikin dalilan da suka sa aka rungumi tsarin giram, wanda Faransa ta kafa da doka a shekarar 1795, kuma matakansa suke hawa goma-goma. Ingila ta soke tsohon tsarin magani daga farkon shekarar 1971. Abin da ya rage da rai shi ne oza mai giram 31.103, wadda ake auna zinariya da ita a kasuwannin duniya. Ya kamata malami ya nuna wa ɗalibai cewa wannan lissafi na fahimtar tsohon rubutu ne. Tantance yawan maganin da za a ba mara lafiya aikin likita ne da mai harhaɗa magani.

Auna Fahimta

1. Mayar da ℈ ii zuwa giram.
2. Me ya sa labar magani ta fi labar kasuwa sauƙi, alhali ozarta ta fi nauyi?