Wa Ya Saci Santimita 54?

Ga kacici-kacici, mai karatu. Jamus da Suwizalan, ƙasashe biyu da duniya ta yi wa shaidar iya awo, sun haɗa kai don gina gada a kan kogin Rayin, a garin Laufenburg. Ɗaya ta yi suna wajen ƙera injuna, ɗayar kuma wajen ƙera agogon da ba ya makara. Gadar ma ba wata doguwa ba ce, mita 225 ce kawai. Aiki ya kankama, sai a ƙarshen 2003 aka lura cewa gefen nan da gefen can ba za su yi daidai ba. Ɗaya ya ɗara ɗaya tsayi da santimita 54, fiye da rabin mita ke nan. Mota kuwa ba ta hawa matakala. To, laifin wa?

Wanda zuciya ke fara kamawa shi ne ɗan kwangila da leburorinsa, don mun saba ɗora musu duk abin da ya karkace. Amma a nan sai mu sallame su. Abin da takardar zane ta ce, shi suka zuba. Ɓarnar ta riga kankare zuwa wurin.

Ko ƙasa ce ta lotsa a bakin kogi? Zato ne mai ma'ana, sai dai babu abin da ya motsa. Ko kuwa irin abin da ya sami hukumar NASA ta Amurka a 1999, lokacin da ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars saboda wasu sun yi lissafi da ma'aunin Ingilishi, wasu da na mita? Wannan ma bai kama ba, domin duka ɓangarorin da mita suke awo. Bambancin harshe fa? Ina! Jamusanci suke yi nan da can. Laufenburg ma gari ɗaya ne, sai a zamanin Napoleon aka mai da kogin iyaka, garin ya rabu biyu.

Waɗanda ake zargi sun ƙare, giɓin yana nan. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Mu sake tambayar. Idan an ce wuri yana da tsayin mita kaza, daga ina aka fara ƙirgawa? Ɗan firamare zai amsa da sauri: daga saman teku. Madalla. Wane teku?

Jamus daga Amsatadam ta ƙasar Holan take ɗaukar sifilinta, ma'aunin da asalinsa ya koma ga awon ruwa da aka yi a birnin a 1683 da 1684, wanda kuma ya yi kusa da matsakaicin tsayin Tekun Arewa. Suwizalan ba ta da teku ko na magani, sai ta yi aro. A tashar jiragen ruwa ta Janiba akwai wani dutse da ya leƙo daga cikin tafki, ana kiransa Pierre du Niton, an kafa masa 'yar alamar tagulla. An yanke cewa alamar tana mita 373.6 sama da Bahar Rum, bisa awon da aka yi a Marsai ta Faransa, kuma daga ita ake auna kowane tsauni da kowane rami a ƙasar. Tekuna biyu ke nan. Kuma ba daidai suke kwance ba.

Na san wannan yana da wuyar haɗiya, don ido yana ce mana ruwa a shimfiɗe yake. Amma iska tana tura shi, igiyoyi suna tara shi, zafi yana kumbura shi, gishiri yana ƙara masa nauyi. Bahar Rum yana asarar ruwa ta tururi fiye da abin da koguna da ruwan sama ke zuba masa, shi ya sa ya ɗan yi ƙasa. Ƙara da 'yan kurakuran da ke taruwa yayin da safiyo ke jan awo tsawon ɗaruruwan kilomita daga gaɓa zuwa cikin ƙasa, sai ka tarar a Laufenburg sifilin Suwizalan yana ƙasa da na Jamus.

Mun kama ɓarawo ke nan? Dakata. Bambancin santimita 27 ne. Mu 54 muke nema. Abin da ya fi wannan ɗaure kai: injiniyoyin sun san da 27 ɗin. Sun sa ta a lissafi. Sun yi gyara.

Dubi lambobin nan biyu da kyau. 27. 54. Ninki ne cif.

Gyaran ne ɓarawon. An yi shi ta baibai: inda ya kamata a ƙara, sai aka ɗebe. A ce ga wani wuri da Bajamushe ya rubuta masa mita 300 daidai. A ma'aunin Suwizalan wurin nan 300.27 ne, tunda daga can ƙasa suke fara ƙirgawa. Wanda ya juya alamar zai rubuta 299.73. Tsakanin abin da ya kamata da abin da aka rubuta akwai 54, ba ƙari ba ragi. Kowane ɗan kasuwa ya san irin wannan ciwo: kana bin mutum bashin naira 27, yaron shago ya rubuta a shafin waɗanda ke bin ka, ranar lissafi sai littafi ya nuna giɓin 54. Abin da ke ba ni dariya shi ne, da injiniyoyin sun jahilci maganar tekun gaba ɗaya, da rabin kuskuren kawai za su yi. An dai gano abin ana cikin aiki, aka gyara, aka buɗe gadar a Disamban 2004.

Ni ba na ganin laifin mai alƙalamin sosai. Duk inda aka tilasta wa mutane fassara lamba daga wani sifili zuwa wani, wata rana sai hannu ya goce. Sifilin nan kuwa sun haura ɗari a duniya, wasu da tazarar da ta kai mita ɗaya ko biyu. Mu ma a Nijeriya daga tekun Legas ake ƙirga tsayin Kano da Jos. GPS bai raba gardama ba, don shi daga wata siffar duniya ta lissafi yake auna tsayi, wadda ba ruwanta da inda ruwa zai gangara. A kudancin Indiya saɓaninta da shimfiɗar teku ya kai kimanin mita 100.

Maganin da masana awon duniya suka tsayar shi ne a bar dogara da gaɓar kowa, a koma ga ƙarfin da duniya ke jan abubuwa da shi. Taurarin ɗan'adam na GRACE, da aka harba a 2002, da GOCE a 2009, sun zana taswirar wannan ƙarfi. A Fabrairun 2015 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙudurin da Fiji ta jagoranta kan ma'aunin wuri na bai-ɗaya, a shekarar kuma ƙungiyar masanan ta duniya ta zauna a Prague ta tsayar da lamba guda a matsayin sifilin kowa. Yanzu ana ta haɗa tashoshin GPS da na awon teku da na awon jan ƙasa su yi magana da murya ɗaya.

Aikin ba na yini ɗaya ba ne, domin tsofaffin taswirori da zanen madatsun ruwa da na magudanai duk a tsohon ma'auni suke. Wasu dai sun yi gaba. Kanada ta koma irin wannan tsari a 2013. Niyu Zilan ta riga ta tun 2009, kuma ita da dalilinta: kafin nan, ita kaɗai a cikin gidanta sifili 13 take da su.