Kafin Haƙori Ya Shiga Baki

Tun watan Mayun 2025 da mujallar Nature ta buga wani bincike na Jami'ar Shikago a Amurka, ake ta yawo da kanun labarin a waya, wai masana sun ce haƙorin mutum na kifi ne. Wasu na dariya, wasu na tsinuwa, kaɗan ne suka karanta abin da aka rubuta.

Abin da Yara Haridy da abokan aikinta suka duba shi ne burbushin wani kifi mai suna Eriptychius da ya kanƙare cikin dutse, wanda aka ƙiyasta ya rayu shekara miliyan 465 da suka wuce. Kifin nan ko muƙamuƙi ba shi da shi, balle ya tauna wani abu. Sulken ƙashi ne ya rufe jikinsa, a kan sulken kuma akwai 'yan tudda masu tauri. Da aka haska cikinsu da na'ura mai ƙarfi, sai ga dantin, wato sashen nan da ke ƙarƙashin farin murfin haƙorinmu, cike da siraran ramuka masu kai saƙo ga jijiya. A fahimtar masu binciken, da waɗannan tudda kifin yake jin motsin ruwa da abin da ke kusantarsa. Ke nan aikin dantin na farko ji ne. Tauna daga baya ta zo, domin Compagopiscis na Ostareliya, ɗaya daga cikin kifayen da aka samu da haƙora a muƙamuƙi, shekarunsa wajen miliyan 380 ne. Har yau fatar kifin shak tana da irin waɗannan 'yan haƙora, shi ya sa take da kaushi kamar samfefa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ma ba gardamar da ake yi kan binciken ba ce. Mutum ya kurɓi ruwan sanyi, haƙori ya yi masa zir har ƙwaƙwalwa, sai a ce tsutsa ce, a nufi kasuwa wurin mai turare a biya shi ya "fito da ita". Babu wata tsutsa. Murfin ne ya zaizaye ko dasashi ya janye, ramukan dantin suka buɗe, sanyi ya motsa ruwan da ke cikinsu, jijiya ta amsa. Hukumomin lafiya kuwa suna kallon wannan ciniki ana yinsa da rana tsaka.

Wanda haƙorinsa ke yi masa haka, ya rage lemon kwalba da dirzar haƙori da gawayi, ya je likitan haƙori ya duba shi.