Miliyon ɗaya: me ya sa ba ta rabuwa uku daidai?

Yakan faru ɗan uwa ya aiko da miliyon ɗaya ta sefa daga Abijan ko Libiya, ya ce a raba wa mutum uku. Ana gama rabo sai ƴan canji su yi saura, a fara kallon-kallo. To, kafin a zargi kowa, mu duba lissafin.

Ana rubuta miliyon 1,000,000, wato ɗaya da sifiri shida. Dubu ce sau dubu, shi ya sa mutanen dā ke ce mata zambar dubu. A ƙidayarmu ta kasuwa jika 1,000 ke nan, ko dala 200,000, tunda dala guda tamma biyar ce. In takardun jika goma ne, guda 100 za ku ƙirga. In na jika biyar ne, 200.

Akwai lambobin da ba su rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, kamar 2, 3, 5 da 7. Su ne tubalan da ake gina sauran lambobi da su. Ita miliyon, da tubali iri biyu kawai aka gina ta: 2 da 5. Ku jera 2 guda shida ku ninka su, za ku samu 64. Ku yi haka da 5, za ku samu 15,625. To, 64 sau 15,625 miliyon ce cif.

Shi ya sa take rabuwa lafiya lau tsakanin mutum 2, 4, 5, 8, 10, 16, 20 ko 25. Gaba ɗaya lambobi 49 ne ke raba ta ba saura, har da 1 da ita kanta. Amma babu 3 ko 7 cikin tubalanta, don haka mutum 3, 6, 7, 9 ko 12 ba za su raba ta daidai ba. Ko a rabon gado haka ne: sumunin miliyon 125,000 ne cif, amma sulusi da sudusi sai da ɓurɓushi.

Ga misali. In mutum uku ne, kowa zai karɓi jika 333 da dala 66, dala biyu su rage. In bakwai ne, kowa jika 142 da dala 171, saura dala uku. Wannan ba cin amana ba ne. Amma in aka ce muku jika guda ko biyu ne suka "ɓata cikin lissafi", to ku nemi a sake ƙirgawa gaban kowa.

Mai aikowa kuma, in mutum uku kake nufi, aiko da jika 999 ko 1,002. Kowa zai ɗauki 333 ko 334, zumunci ya zauna lafiya.